Jinin Lamba Sha Huɗu

Litinin, 20 ga Fabrairu, ƙarfe 6 na yamma

Na sayi wannan littafin ne don in riƙa rubuta abin da nake ci, saboda likita ta ce hawan jinina ya fara rashin kunya. Shafi ɗaya na cika da kabeji da dafaffen ƙwai, na gaji. Yau dai ina da abin rubutawa wanda ba abinci ba.

Idan wani ya tsinci littafin bayan raina, sunana Rosalind Petrusic, ana ce min Roz. Shekarata ashirin da shida a ɗakin bincike ɗaya a nan arewacin Ohio, kuma aikina ƙirga wutsiya. Ana ɗebo fararen ƙwayoyin jinin mutum, a shimfiɗa a kan gilashi, a narkar da bawonsu, a saki wutar lantarki a kai. In DNA ɗin ƙwaya, wato zaren gadon halittarta, lafiya yake, sai ya zauna a dunƙule kamar ƙwallo. In ya kakkarye, gutsattsarin sai su bi wutar su ja wutsiya. Ni kuma in shiga ɗakin duhu, in kafa ido a madubin likita, in ƙirga ƙwaya ɗari a kowane gilashi. A jinin mai lafiya, in ka ga wutsiya biyar ko goma ba wani abu ba ne.

Yau na ƙirga sittin da ɗaya a gilashi lamba sha huɗu.

Jinin na ma'aikatan masana'antar roba ne da ke bayan layin dogo, inda ake cuɗa wani baƙin gari cikin roba don ta yi ƙarfi. Garin ya fi kunkunniya laushi, ƙwayarsa ko an jera dubu ba su kai kaurin gashi ɗaya ba, kuma takan kutsa har cikin ƙwayoyin jiki. Ana so a san ko yana taɓa DNA ɗin masu shaƙarsa. An ɗibi jinin ma'aikata ashirin a Janairu, da na mutum goma da ba su taɓa taka masana'antar ba, don a gwada. Na goman ma da ƙyar muka samu, sai da Lupe abokiyar aikina ta naɗe hannun riga ta ce a ɗibi nata a huta.

Ba a rubuta suna a gilashi, sai lamba, don kada zuciyar mai ƙirga ta sa idonsa ya karkace. Takardar sunayen tana cikin ambulan a kulle a teburin Farfesa Whitcomb, shugabanmu, ni da shi mun sa hannu a bakin liƙin. Ba a buɗewa sai an gama gilashi talatin.

Ƙanena Gene yana cikin ma'aikata ashirin ɗin nan. Shekararsa goma sha tara a ɗakin cuɗa garin.

Talata, 21 ga Fabrairu, ƙarfe 1 na rana

Na ce wa kaina kuskure ne. Wataƙila gilashin ya sha haske, ko ruwan ya yi zafi. Na sa Lupe ta ciro ragowar jinin lamba sha huɗu daga firji ta sake haɗa min sabo.

Ta ce, "Mama Roz, lafiya? Ke da ba kya maimaita gilashi ko da Farfesa zai yi kuka."

Na ce idona ne ya tsufa. Ta ce, "Idonki? Wanda ke hango ɗigon kofi a rigata tun daga wajen ajiye motoci?" Ta tafi tana dariya. Cikakken sunanta Guadalupe Arriaga, shekararta talatin da uku, ukun ƙarshe a hannuna ta yi su. Ita ke auna baƙin garin duk Talata da Alhamis, ta zuba wa ƙwayoyin huhu da muke renowa a faranti. Ban taɓa ganin mai tsabtar hannu irinta ba, sai dai surutu kamar rediyo.

Laraba, 22 ga Fabrairu, ƙarfe 4 na yamma

Hamsin da takwas. Ba kuskure ba ne.

Laraba, ƙarfe 7 na yamma

Na je coci an shafa min toka a goshi, an shiga azumi. Ban ji ko kalma ɗaya daga huɗubar ba. Na kunna kyandir, kuma zan rubuta abin da na roƙa don kada in yi wa kaina ƙarya daga baya. Na ce, Allah kada ya zama Gene. Ya zama kowa, amma ba Gene ba.

Juma'a, 24 ga Fabrairu, ƙarfe 8 na yamma

Suyar kifi a zauren coci. Gene ne a bakin kasko kamar kullum, da hularsa ta takarda, yana yi wa tsofaffi tsiya. Ya hango ni ya ɗaga cokali.

"Ga likitan ɓeraye nan! Ku matsa mata, kada ta ƙirga ku."

Na ce, "Ka zuba min biyu, kuma ba ƙonannun da kake ɓoyewa a ƙasa ba."

Sai ya juya ya yi tari. Tari ne kawai, hayaƙin mai ya cika wurin, kowa ma yana yi. Amma ni ban ɗauke ido daga kansa ba. Na tsaya ina kallon ƙumbarsa, baƙin da ba ya fita ko da an kankare da buroshi.

Na ce, "Kana sa takunkumin nan kuwa?"

"Ina sawa mana. A haɓa. Yana hana ta sanyi."

"Gene."

"Haba Roz, ke da kin san zafin ɗakin nan. Mutum ya yi awa takwas da roba a hanci? To yaya jinina, na ci jarrabawa ko sai na maimaita aji?"

Na ce ban sani ba, lamba kawai nake gani. Ya ce, "Ki duba wanda ya fi kyau, shi ne nawa." Na kasa cin kifin, na naɗo shi a takarda na kawo gida. Ni na raini yaron nan tun yana shekara tara da mahaifiyarmu ta rasu. Yanzu yana da hamsin da huɗu da tumbi da jikoki biyu, har yau in ya yi tari ni nake ji a ƙirjina.

Litinin, 27 ga Fabrairu, ƙarfe 12 na rana

Gilashi lamba sha biyar zuwa sha tara, ga wutsiyarsu: tara, goma sha biyu, bakwai, goma sha biyar, goma. Babu mai tayar da hankali. Da ma a ce duk sun ɗan yi yawa, da na ce garin ne ya taɓa kowa kaɗan kaɗan. Amma mutum ɗaya ne ya yi fice, kuma wa ya fi kowa daɗewa a ɗakin cuɗa gari?

Farfesa ya fita cin abinci ya bar ofis a buɗe. Na san inda makullin aljihun teburin yake, yana cikin kofin alƙaluma, tun zamanin da yake da gashi a ka. Na daɗe tsaye a ƙofar. Ban shiga ba. Ba don ni mutuniyar kirki ba ce. Tsoro ne kawai, in na buɗe na ga sunansa, me zan yi da shi daga nan zuwa Juma'a?

Laraba, 1 ga Maris, ƙarfe 5 na yamma

Lupe ta same ni a ɗakin shan kofi ta rufe ƙofa. Na ɗauka ta fasa wani abu mai tsada ne.

"Mama Roz, ki zauna."

"Ina zaune, makauniya."

"To ki riƙe kujerar." Ta ciro wata 'yar takarda mai hoto baƙi da fari daga aljihun farar rigarta. "Sati goma sha ɗaya. Ko mijina Héctor bai gaya wa uwarsa ba tukuna, don in ta ji, Texas gaba ɗaya ta ji."

Shekara huɗu suna neman haihuwa ita da mijinta. Na rungume ta, na yi kuka har da majina, ta ce in bari kada in jiƙa mata jariri. Na ce daga yau ba ita ba baƙin gari, ni zan riƙa aunawa. Ta ce, "Da wannan hannun naki mai rawa? Ai sai garin ya kai rufi." Na sha mur na ce ba shawara nake nema ba. Ta yarda.

Wannan ne abin daɗi na farko cikin kwana goma. Na dawo gida ina waƙa a mota kamar wata yarinya.

Alhamis, 2 ga Maris, ƙarfe 3 na rana

Na auna garin da kaina, karo na farko cikin shekara uku. Ana aunawa ne cikin akwatin gilashi mai fanka, wadda ke zuƙe iska ta yi sama da ita don kada mai aunawa ya shaƙa. Matsalar ita ce in fanka na aiki, lambobin sikeli ba sa tsayawa, sai rawa suke yi, garin kuma yana tashi daga cokali. Hannuna da kansa ya kai ga makunnin ya kashe fankar, ya danna maɓallin da ke hana ƙararrawa ihu. Minti biyu, na gama, na kunna.

Haka nake yi tun da can. Babu wanda ya koya min, ni na gano, har ina alfahari da cewa awona ba ya kuskure.

Ba na son yin tunanin wannan yau. Akwai sauran gilashi shida.

Lahadi, 5 ga Maris, ƙarfe 2 na rana

Na kai wa Gene tukunyar miyar wake. Yana kwance yana kallon wasa, matarsa Darlene ta ce ya cinye rabin kek shi kaɗai. Mai rashin lafiya ba ya cin rabin kek. Na faɗa wa kaina haka sau uku a hanya.

Talata, 7 ga Maris, ƙarfe 11 na safe

Na gama. Gobe ƙarfe goma za a buɗe ambulan.

Laraba, 8 ga Maris, ƙarfe 6 na yamma

Gene lamba ashirin da biyu ne. Wutsiya goma sha uku. Daidai da sauran.

Na rubuta wannan layin na zauna ina kallonsa. Ya kamata in yi murna. Na yi da safe a ofis, na daƙiƙa biyar, har na ce na gode Allah a fili, Farfesa ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Sai ya ci gaba da bin takardar da yatsa, yatsan ya tsaya.

Ya ce, "To fa. Sha huɗu ba ma'aikacin masana'anta ba ne."

Ya juyo min da takardar. Ba sai na rubuta sunan ba.

Alhamis, 9 ga Maris, ƙarfe 7 na safe

Na ce ya zama kowa.

Alhamis, ƙarfe 5 na yamma

Farfesa ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Mutumin kirki ne, ba ya son hayaniya, kuma in ya rikice sai ya kama goge tabarau da bakin rigarsa.

Ya ce, "Roz, kada mu tayar da hankalin kanmu. Jinin mutum ɗaya ba hujja ba ne. Mura ma tana kawo wannan, ko gudu mai yawa, ko wani magani. Na ji kuma Lupe tana da juna biyu, shi ma yana iya motsa lambar. Jiki yana gyara irin wannan karayar kullum."

Duk gaskiya ne. Ni ma da bakina na sha gaya wa ɗalibai haka.

Ya ce, "Ta fuskar aiki kuwa ba ni da damuwa. Tana aunawa cikin akwati, fanka na ja, an duba akwatin a watan Satumba an ce lafiya lau. Ta ina gari zai kai gare ta? Ina ganin mu cire jininta daga lissafi, tun farko ma bai kamata mu ɗibi na 'yan cikin gida ba. Ni zan gaya mata a hankali ranar Litinin, in ce ta ambata wa likitarta."

Ya dube ni ko ina da magana. Na ce, "Haka ne, Farfesa."

Haka ne, Farfesa. Shekara ashirin da shida ina musu da mutumin nan a kan komai, har a kan yadda yake naɗe tawul, yau sai ga ni da ladabi.

Juma'a, 10 ga Maris, ƙarfe 4 na yamma

Bayan kowa ya tafi taro, na sa takunkumi da safar hannu, na jiƙa farin ƙyalle, na hau kujera na goge saman kabad ɗin da ke gefen akwatin. Ya fito baƙi. Na goge bayan sikeli, na goge ƙarƙashin kujerar da take zama, na goge saman hoton karenta da ta manna a bango. Na sa ƙyallayen cikin leda huɗu na rubuta kwanan wata.

Makonta na farko a nan, ta zo min kamar za ta yi kuka, ta ce sikeli ya ƙi tsayawa, ta yi awa guda. Na ce, "Matsa in nuna miki dabarar tsofaffi." Ta ce, "Ba a hana kashewa ba?" Na ce, "Masu rubuta doka ba su taɓa riƙe cokali ba. Minti biyu ne." Ta yi dariya, ta ce na cece ta.

Sau biyu a mako, shekara uku. Da Disamba da Janairu da Fabrairu, lokacin da abin da ke cikinta bai kai ƙwayar wake ba. Ban san ko garin ne ya yi wannan ba, kuma babu wanda zai iya rantsewa. Abin da na sani shi ne ta shaƙa, kuma na san dalili.

Ban je suyar kifi ba. Na gaya wa Gene a waya cewa jininsa lafiya, ya ce, "Yo ai na gaya miki, mu jinin Petrusic ko guba kunyarmu take ji." Na ce ya sa takunkumi duk da haka, don jini lafiya ba huhu lafiya ba ne. Ya ce muryata kamar wadda aka yi wa rasuwa. Na ce mura ce.

Asabar, 11 ga Maris, ƙarfe 10 na safe

Idan na yi shiru: ba ta aunawa yanzu, ni nake yi, kuma ba zan sake taɓa makunnin ba. Abin da ya wuce ya wuce. Me ilimin zai ƙara mata in ba fargaba ba, ita da ke ɗauke da ciki?

Idan na yi shiru kuma, likitarta za ta tambaye ta ko tana shaƙar wani abu a wurin aiki, ita kuma za ta ce a'a, akwai akwati. Ko ta tuna da fankar ta ɗora wa kanta laifin, don hannunta ne ke kashewa.

Na wanke labulen kicin. Ba su yi datti ba.

Lahadi, 12 ga Maris, ƙarfe 1 na rana

Na shiga layin masu furta zunubi a gaban Fada, limamin coci, da ya rage mutum biyu a gabana na fita. Ba Fada ba ne ya shaƙi garin.

Litinin, 13 ga Maris, ƙarfe 6 na yamma

Na riga Farfesa. Na tare ta a wajen ajiye motoci tun kafin ta shiga, na ce ta zauna a motata. Ƙanƙara na narkewa a gilashin gaba. Tana riƙe da busasshen biskit ɗin da take ci saboda tashin zuciya.

Na ce, "Lamba sha huɗu, wanda na sa kika maimaita. Naki ne."

Ta daina tauna. Ita ta haɗa gilashin sau biyu, ta kuma ga abin da na rubuta a takardar ƙirga. Ba ta buƙatar bayani.

Ta ce, "Sittin da ɗaya?"

"Da hamsin da takwas."

Na jero mata duk abin da Farfesa ya ce, mura da gudu da juna biyu da yadda jiki ke gyarawa. Ta ɗaga min hannu. "Mama Roz, ni ma na karanta littafin. Faɗi abin da kika kawo ni mota ki faɗa."

Na ciro ledojin huɗu daga ƙarƙashin kujera na ɗora mata a cinya. Ta juya na hoton karen, ta karanta rubutuna.

Ta ce a hankali, "Fankar."

"Ni na koya miki."

"Ni nake kashewa."

"Ni na koya miki, Lupe. Kin tambaye ni ko an hana, na yi miki ba'a."

Gilashin motar ya yi gumi. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Tambaya ɗaya. Ranar da kika nuna min, kin san bai kamata ba? Ko ke ma ba ki sani ba?"

Na so in ce lokacin ba a san illar garin sosai ba. Akwai ɗan gaskiya a ciki da zan iya fakewa da shi. Na ce, "Na sani. Na fi son awona ya fita daidai."

Ta buɗe ƙofa. Ta ce, "Kin san sau nawa na yi ɓari kafin wannan? Biyu. Ban gaya miki ba don kada ki damu." Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Don kada ki damu, kin ji." Ta shiga motarta ta tafi da ledojin.

Ban san ko ɓarin yana da alaƙa da garin ba. Ita ma ba ta sani ba. Babu ranar da za mu sani.

Talata, 14 ga Maris, ƙarfe 12 na rana

Na gaya wa Farfesa. Bai goge tabarau ba, ajiye su ya yi. Ya ce, "Shekara nawa?" Na ce tun da aka fara kawo garin. Ya ce dole ya kai rahoto ofishin kula da lafiyar ma'aikata. Na ce na riga na rubuta, ga shi, sa hannunsa ya rage. Ya karanta sau biyu, ya ce ban bar wa kaina mafita ba ko ɗaya. Na ce ba mafita na zo nema ba.

An rufe ɗakin awo, an manna jan tef a ƙofa.

Alhamis, 16 ga Maris, ƙarfe 5 na yamma

Ba ta zo ba. Kwana uku ke nan. Ɗakin shan kofi shiru, har ƙarar firji nake ji.

Lahadi, 19 ga Maris, ƙarfe 4 na yamma

Gene ya zo gyara min famfon kicin da bai lalace ba, na san Darlene ce ta turo shi. Na gaya masa komai yana kwance ƙarƙashin wurin wanke-wanke, don ya fi min sauƙi in yi wa ƙafafunsa magana. Har da abin da na roƙa a coci.

Ya fito ya zauna a ƙasa. "Wato ni kika saya da ita."

"Kada ka ce haka."

"A'a, ke kike cewa haka a ranki, ni maimaitawa nake don ki ji yadda ba shi da kan gado. Jinin nan tun Janairu aka ɗiba, ke kuma kin kunna kyandir a Fabrairu. Allah ba ya aiki da baya, Roz. Ki bar kyandir, ki riƙe na fankar, shi ne naki."

Na ce, "Tun yaushe ka yi hankali?"

"Tun da na fara sa takunkumi a hanci. Kwana shida ke nan, har shatinsa ya fito min, duba."

Talata, 21 ga Maris, ƙarfe 3 na rana

Kwamiti ya zauna da ni awa biyu. Wani saurayi mai sabon kwat ya tambaye ni ko na san amfanin fanka. Na haɗiye abin da ya zo bakina. An dakatar da ni daga taɓa garin, an bar ni da madubina zuwa lokacin da za su yanke hukunci. Ko su kore ni, ko su ce in yi ritaya a Yuni. Abin mamaki, ko a jikina.

Alhamis, 23 ga Maris, ƙarfe 9 na safe

Saƙo daga Lupe, na farko cikin kwana goma: "Likita ta ce zuciyar jaririn na bugawa daidai. Sauran sai an jira." Babu gaisuwa. Na karanta ya fi sau ashirin.

Talata, 28 ga Maris, ƙarfe 6 na yamma

Ta dawo. Ta same ni ina wanke gilasai, ta ajiye kwalbar jini a gabana, da auduga manne a gwiwar hannunta.

"Na yau ne. Wata guda ban kusanci garin ba. Ina so a sake."

Na ce zan roƙi Farfesa ya aika wani ɗakin bincike, su sa lamba, wani ya ƙirga, don ni yanzu idona ba abin yarda ba ne a kan wannan.

"An aika rabi can. Wannan naki ne. Kuma ba lamba, ki rubuta sunana."

"Lupe, ba a yin haka. In na san naki ne, zan so in ga ƙasa da abin da ke wurin."

"Na sani. Shi ya sa. Kin gaya min gaskiya a mota alhali kina da hanyar zillewa, to ki sake gaya min ita a gilashi. Kuma ina zaune a wurin."

Alhamis, 30 ga Maris, ƙarfe 7 na yamma

Mun shiga ɗakin duhu ƙarfe biyu. Ta ja kujera ta zauna a bayana, ina jin numfashinta da warin lemon tsamin da take shinshina. Na kai hannu ga abin ƙirga, ta ce, "A'a. Da baki. Ina so in ji."

Sai na fara. Lafiya. Lafiya. Wutsiya. Lafiya. Ita ke riƙe da lissafi. Akwai wasu ƙwayoyi da ke kan iyaka, ɗan hazo kawai a gefe, waɗanda mutum zai iya kira ko wanne. A kan ta farkonsu na daɗe ina juya madubi. Ta ce, "Roz." Na ce, "Wutsiya." Daga nan ban sake jinkiri ba. Wajen na saba'in hawaye ya hana ni gani, na tsaya na share, na ci gaba.

Da muka kai ɗari ta ce, "Ashirin da shida."

Na ce ya sauka fiye da rabi. Na ce alama ce jiki na gyarawa, in Allah ya so wata mai zuwa zai ƙara sauka. Ta ce ta ji. Na miƙa hannu zan kunna fitila, ta kama wuyan hannuna cikin duhu, ta ja shi ta ɗora a kan cikinta. Ya fara tasowa, da ɗan tauri.

Ta ce, "Wannan jinina ne kika ƙirga. Nasa fa?"

Na ce, "Ba ni da gilashin da zai nuna min nasa."

Ta ce, "Na sani. Satumba ne haihuwar. Ki zo asibitin, ki tsaya a wurin, mu gan shi tare."

Ba ta saki hannuna ba, ni ma ban janye ba.